Dirkokin Rumfar Jirgin Ruwa Masu Cirewa: Tambayoyi da Amsoshi

Duk wanda ya taɓa wuni a kan ruwa ya san rana sau biyu take dukan mutum a can: ta sauko daga sama, ta kuma dawo masa daga fuskar ruwa. Shi ya sa ba a daɗewa da mallakar jirgi sai maganar rumfa ta taso. Galibi da zancen tamfol ake farawa, launinsa da kaurinsa, alhali abin da ke riƙe da tamfol ɗin shi ya fi cancantar a daɗe a kansa. Tambayoyin da ke ƙasa su ne masu yawan dawowa daga masu ƙananan jiragen inji, da masu jiragen shaƙatawa, da masu jiragen da iska ke turawa.

Me ake nufi da dirkar rumfa mai cirewa?

Ita ce duk sanda ko bakan ƙarfe da ke ɗauke da rumfar jirgi, wadda za ka iya zarewa ka ajiye ba tare da ka ɗauko akwatin kayan aiki ba. Gaɓa uku gare ta. Akwai sandar kanta. Akwai gindin da ke zama a jikin jirgi har abada, wanda ko dai gurbi ne da sandar ke shiga ciki, ko hinji da take juyawa a kansa. Sai kuma sakata, ɗan ƙarfen da ke haɗa biyun. Mai saye yakan zuba ido kan sanda saboda ita ke sheƙi, amma gindi da sakata su ne za su nuna ko ka yi dace.

Iri nawa ne, kuma wanne ya dace da wane jirgi?

Wanda aka fi gani shi ne na baka, ana kiransa bimini, sunan da ya samo daga tsibiran Bimini na ƙasar Bahamas. Bututu ne da aka lanƙwasa ya tsallaka daga gefen jirgi zuwa ɗaya gefen. Babban baka ɗaya ne ke taka jirgi, sauran a jikinsa suke maƙale, su buɗe su rufe kamar lema. Ƙaramin kwale-kwale baka biyu sun ishe shi, matsakaicin jirgi uku, doguwar rumfa kuma huɗu.

Na biyu su ne miƙaƙƙun sanduna da ake cusawa a gurabun da aka binne a daɓen jirgi, a ja kusurwoyin tamfol a ɗaure a kawunansu. Manyan jiragen shaƙatawa sun fi amfani da su, domin idan an zare su daɓe yakan koma fayau, ƙaramin murfin gurbi kawai za ka gani. Na uku su ne sanduna masu zugewa, ɗaya cikin ɗaya, da ake ƙara inuwa da su ta bayan jirgi. Jiragen da iska ke turawa suna da nasu salon: idan an jefa anka sai a yafa tamfol bisa sandar da ke kwance ƙarƙashin ƙyallen iska, a baza shi da 'yan sanduna a gicciye. Wannan na ƙarshe na zama ne kawai, ba a tafiya da shi.

Me zai hana in kafa rumfa ta dindindin in huta?

Babu laifi idan jirgin babba ne kuma an zana shi da rufin tun farko. A ƙaramin jirgi kuwa, rufin dindindin nauyi ne a sama, inda ba a son nauyi, kuma wuri ne da iska za ta riƙa kamawa dare da rana. Ga wucewa ƙarƙashin gajeriyar gada, ga ɗora jirgi a tirela, ga mai kamun kifi da ke son sarari a saman kansa don jefa fatsa. Babbar fa'idar mai cirewa ita ce idan hadari ya taso kana iya raba jirginka da ita. Wuri ɗaya da nake ganin ta dindindin ta fi shi ne idan za a ɗora farantan sola masu nauyi, domin da zarar an ɗaure waya da faranti a kan baka, sunan mai cirewa kawai ya rage mata.

Sitenles, alminiyam ko zaren kabon?

Ƙarfe mara tsatsa, wanda masu walda ke kira sitenles, shi ne na farko ga jirgin da ke zaune a ruwan gishiri. Yana da ƙarfi, yana jure duka, amma da nauyi: kusan ninki uku na alminiyam idan girmansu ɗaya. Alminiyam sakayau ne, sai dai taurinsa wajen kashi ɗaya cikin uku ne na ƙarfe, don haka bututu mai kauri ɗaya zai fi lanƙwasa sosai idan na alminiyam ne. Ga tafki da kogi da jirgin da ake fitarwa daga ruwa bayan kowace tafiya, alminiyam mai rufin kariya ya wadatar.

Zaren kabon ya fi su duka rashin nauyi, ga tauri. Shi ya sa ake yin dogayen sandunan manyan jirage da shi, mutum ɗaya ya ɗauki mai tsawon mita biyu da hannu ɗaya. Halinsa ne ya bambanta: ƙarfe yakan lanƙwashe ya ba ka gargaɗi, shi kuwa kabon sai ya ɗauki nauyi shiru har ranar da zai karye farat ɗaya, musamman inda ya taɓa buguwa ko aka matse shi da noti. Yana kuma cin alminiyam idan suka haɗu a jiƙe, kamar yadda za ka gani a amsar da ta shafi farin gari.

Me lambobin 304 da 316 ke nufi? Mayen ƙarfe zai bambance su?

Lambobin nau'in sitenles ne. Duka biyun suna da kuromiyam da nikel, amma 316 an ƙara masa sinadarin molibdenam, kashi 2 zuwa 3 cikin ɗari, wanda ke sa shi jure gishiri. Ruwan teku yana ɗauke da gishiri wajen giram 35 a kowace lita, kuma wannan gishirin ne ke haƙa 'yan ramuka a jikin 304. Idan teku za ka shiga, nemi 316, har da ƙusoshi da notuna da washa, ba bututu kaɗai ba.

Mayen ƙarfe ba zai raba maka su ba. Duka biyun kusan ba ya kama su, wani lokaci kuma yakan ɗan ja wurin da aka lanƙwasa ko da 316 ne. Abin da zai nuna maka kawai shi ne idan ya manne ƙam, to wani ƙarfe ne daban, ka ajiye shi. Duba tambarin da aka buga a jikin kayan, wani lokaci A4 ake rubutawa a kan ƙusar 316, A2 a kan ta 304.

Wane kaurin bututu zan zaɓa?

Biyu ne suka fi yawa: milimita 22 da milimita 25, wato inci bakwai bisa takwas da inci ɗaya. Manyan rumfuna kan kai milimita 32. Bambancin milimita uku kamar ba komai ba ne a ido, amma idan kaurin bangon bututun ɗaya ne, na 25 ya fi na 22 tauri da kusan rabi. Tsawo kuma yana cin tauri da sauri: sandar da aka kafa ta gindi kawai, idan ka ninka tsawonta biyu, kanta zai karkace ninki takwas da ja iri ɗaya. Don haka jirgi mai faɗi ko rumfa mai tsayi, ɗauki na 25 ko sama. Ka kuma tabbata duk hinjin da maƙalan da za ka saya na awon bututunka ne, domin na 25 a kan bututun 22 ba zai taɓa kamawa ba, kome matsewa.

Wane irin ƙarfi iska ke ɗora wa rumfa?

Ya wuce yadda yawancin mutane ke zato, kuma ba ya ƙaruwa daidai da gudun iskar. Idan gudun iska ya ninka biyu, ƙarfinta ninki huɗu yake yi. Iska mai gudun kilomita 37 a awa, wato not 20 a lissafin matuƙa, tana danna kowace murabba'in mita da ta fuskance ta da nauyin kusan kilo 6 da rabi. Idan ta kai kilomita 74, ya zama wajen kilo 26. Ɗauki rumfa mai mita biyu faɗi, uku tsawo: idan iska ta same ta gaba da gaba, kilo 40 ke nan a ta farko, kilo 160 a ta biyu.

Za ka ce ai rumfa a kwance take, ba ta fuskantar iska. Haka ne, muddin tana miƙe ƙam. Da zarar bakinta na gaba ya ɗan ɗaga, sai iska ta shige ƙasa ta mai da ita fiffike, ƙarfin ya koma na cira sama. Wannan shi ne abin da ake mantawa. Sandar da aka cusa a gurbi ba sakata, nauyinta kaɗai ke riƙe da ita, tana iya fita kamar an zare takobi daga kube. Tamfol mai sanyin ja kuma yakan yi ta faffaka, kowane bugu yana fizgar gindi, sau dubbai a wuni ɗaya, har ƙusa ta saki.

Shawarata ita ce kada a jira iska ta gwada rumfa. A ma'aunin ƙarfin iska na Beaufort, mataki na 5 shi ne not 17 zuwa 21, lokacin da za ka ga farar kumfa ta yawaita a kan raƙuman ruwa. Rumfar miƙaƙƙun sanduna da ta masu zugewa, a nan ya kamata su sauka.

Zan iya gudu da jirgi rumfa tana buɗe?

Da ta baka mai ƙwari za ka iya, gwargwadon iyakar gudun da masu ƙera ta suka rubuta. Amma ka riƙa haɗa lissafi biyu: gudun jirginka da gudun iskar da kake shiga. Jirgi mai tafiyar kilomita 40 da ya fuskanci iskar kilomita 30, rumfarsa iskar kilomita 70 take ji. Koma amsar da ta gabata ka ga abin da wannan ke nufi. Ga kuma dukan da jirgi ke yi idan ya faɗo daga kan igiyar ruwa, wanda ke girgiza baka hagu da dama. A kan tirela kuwa babu sassauci ko kaɗan: naɗe ta, sa mata rigarta, kwantar da ita ka ɗaure, ko ka cire ta gaba ɗaya.

Ina ne ya fi saurin lalacewa?

Gindi. Da wuya ka ga bututu ya karye a tsakiya. Dalilin a fili yake idan ka tuna ƙarfen da kafinta ke zare ƙusa da shi: doguwar sanda tana ninka ƙaramin ja ya zama babba a wurin da ta taka. Sanda mai tsawon mita 2 a cikin gurbi mai zurfin santimita 15, idan tamfol ya ja kanta da kilo 20, bakin gurbin yana ɗaukar abin da ya haura kilo 250. Idan zurfin santimita 10 ne, ya kusa kilo 400. Gurbi mai zurfi ya fi mai kauri amfani.

Na taɓa duba wani hinji da iska ta tumɓuke daga gefen jirgi. Sukurori biyu ne kacal suka riƙe shi, irin masu cin jiki da kansu. Da na ɗaga shi, haƙoran sukurorin cike suke da wani baƙin abu mai laushi kamar jiƙaƙƙiyar takarda. Na sa yatsa a ramin, ruwa ya tsattsafo. Katakon da ke tsakiyar daɓen ne ya ruɓe, faɗin tafin hannu, ta sama kuwa fenti na ƙyalli kamar ba abin da ya faru. Bakan ko lanƙwasa bai yi ba. Abin ya dame ni, domin aikin rabin wuni ne da an yi shi daidai tun farko.

To yaya ake kafa gurbi ko hinji yadda ruwa ba zai shiga ba?

Fara da sanin abin da za ka huda. Daɓen yawancin jiragen faiba, wato na zaren gilashi da aka daskarar da gam, ɓawo biyu ne, na sama da na ƙasa, a tsakaninsu akwai katakon balsa ko soso mai tauri ko falankin katako. Wannan cikin shi ke ba daɓe ƙarfi, shi ne kuma ruwa ke ruɓarwa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma kowane rami da ka huda tsaga ce. Leƙa ta ƙasa tukuna ka tabbata babu waya ko tiyon mai, kuma hannunka zai kai wurin ya riƙe noti.

Idan ƙusarka mai milimita 6 ce, huda rami mai faɗin ninki biyu, ka ƙwaƙule cikin da ke kewaye, ka toshe ƙasa da tef, ka cika da gam ɗin efoksi mai kauri. Idan ya bushe ya yi tauri, sake huda ramin ƙusar a tsakiyarsa. Yanzu ƙusa a cikin zoben efoksi za ta zauna, ko ruwa ya bi ta ba zai taɓa katako ba, kuma matse noti ba zai murƙushe daɓen ba. Ɗan fafe bakin ramin ta sama domin abin toshiya ya sami wurin taruwa. Ta ƙasa kuma sa faranti mai kauri na ƙarfe ko na faiba wanda ya fi gindin faɗi, ya raba nauyin. Washa kaɗai ba ta isa ga doguwar sanda ba.

Wajen toshiya, danƙon butil yana da kyau, ba ya bushewa, kuma yana barin a cire abu daga baya. Gam irin su Sikaflex 291 ma suna aiki. Ka guji 3M 5200 a nan, domin idan ya kama, ranar cirewa da fatar jirgin zai taso. Abu na ƙarshe da ake yawan kuskurewa: mutum ɗaya ya riƙe kan ƙusa cik ta sama, ɗaya ya juya noti ta ƙasa. Idan ƙusar ce ta juya, ta tsinke toshiyar da ka sa mata.

Ba na son huda jirgina. Akwai wata hanya?

Akwai maƙalan da ke damƙe ƙarfen dogaro na gefen jirgi, akwai kuma sandunan da ke shiga gurbin sandar fatsa. Duka suna aiki ga ƙaramar rumfa a ranar da iska ta kwanta. Sai dai ƙarfin bai ɓace ba, wani wuri ka mayar da shi. Gurbin fatsa na roba, ko wanda sukurori kawai suka riƙe, ba a yi shi don doguwar sanda ba. Ka lura kuma da karkatarsa, domin akwai miƙaƙƙe, akwai mai digiri 15, akwai mai 30. Sandunan shingen da ke hana mutum faɗawa ruwa kuwa, ba na son a ɗora musu rumfa sam. Fizgar tamfol tana sassauta gindinsu, kuma ranar da wani zai zame ya kama su, lafiyarsu ake bukata.

Wace sakata ce ta fi?

Mai 'yan ƙwallaye a baki, wadda sai ka danna maɓallin kanta take fita. Ba ta zamewa da girgiza, kuma hannu ɗaya ya isa. Mai zobe da ake fizgewa kawai ta fi sauƙi, amma igiya na iya kama zoben ta zare ta. Sukuru mai kan juyawa da yatsa yana riƙewa sosai, sai dai gishiri kan ƙame shi, ranar gaggawa ka ga kana neman filaya.

Kowacce ka zaɓa, ɗaure ta da siririyar waya ko igiya a jikin hinjin. Sakata ba ta fi yatsa ba, jiƙaƙƙen hannu kuma ba ya riƙo. Ta suɓuce, ta buga leɓen jirgi sau ɗaya, ka ji ɗan ƙaran faɗawarta a ruwa, shi ke nan. Ajiye biyu na ko-ta-kwana. Maƙalan roba kuma, rana tana gasa su har su yi gautsi. Idan ka ga launinsu ya kwashe, sun yi fari-fari, canza su kafin su fashe.

Bel ko sandar tokare, wanne zan sa ya riƙe baka?

Bel ja kawai yake iyawa, don haka sai an sa gaba da baya suna jayayya kafin baka ta tsaya. Ba shi da nauyi, amma yana tare hanya, yana miƙewa idan ya jiƙe, rana kuma tana cinsa. Sandar tokare tana ja tana kuma turawa, kuma tana riƙe naɗaɗɗiyar rumfa a tsaye bayan jirgi maimakon ta kwanta a kan kujeru. Tsarin da na fi so shi ne tokare biyu a baya, bel biyu a gaba, domin bel ɗin ne za ka ja ka miƙe tamfol da shi, shi ne kuma za ka saki cikin daƙiƙa idan za a naɗe.

Ruwan sama na taruwa a tsakiyar tamfol. Me zan yi?

Kada ka raina shi. Ruwan milimita 1 a kan murabba'in mita 1 lita ɗaya ce, lita ɗaya kuma kilo ɗaya. Ruwan milimita 20 a kan rumfar murabba'in mita 6 kilo 120 ne idan bai sami hanya ba. Yana fara taruwa tamfol ya lotsa, lotsawar ta ƙara tara ruwa, har baka ta durƙusa ko ɗinki ya yage. Maganin shi ne tudu ko gangara: bakan tsakiya ta ɗara sauran tsayi, ko kusurwa ɗaya ta rumfar sanduna ta yi ƙasa da sauran. Ga rumfar da za a bar jirgi da ita, ƙara sanda mai zugewa a tsakiya, mai faffaɗan kai don kada ta huda. Bayan ka gama, kwara bokitin ruwa a kai ka tsaya ka ga inda ya bi.

Yaya zan yi awo kafin in saya?

Faɗi daga wurin da hinji zai zauna zuwa takwaransa ake aunawa, ba faɗin jirgin duka ba. Tsayi kuma daga wurin hinjin, sannan ka ƙara tazarar da ke tsakaninsa da inda ake taka ƙafa. Mai son tsayuwa yana bukatar wajen mita 1.9, amma rumfa mai tsayi ta fi shan iska, inuwarta kuma ta fi gudu daga kanka idan rana ta karkata. Idan a zaune ake tuƙin jirgin, gajera ta fi.

Kafin ka huda ko rami ɗaya, tsai da bakan da tef da igiya ka gwada komai. Zauna a sitiyari ka duba gaba. Ɗaga injin baya har ƙarshe, buɗe kowace ƙofa da murfi, kwantar da bakan ka ga inda za ta sauka. A jirgin iska, kaɗa sandar ƙasan ƙyalle hagu da dama, juya hannun injin naɗe igiya zagaye cikakke, ka kuma tabbata matuƙi na iya ganin ƙyallensa, ko da ta tagar roba ce a rufin.

Rumfa na iya saɓa wa dokar fitilun jirgi?

Ƙwarai kuwa. Dokokin ƙasa da ƙasa na kauce wa karo a teku, na shekarar 1972, sun ƙayyade inda kowace fitila za ta haska: ja da koriya na gefe digiri 112.5 kowacce, farar baya digiri 135, farar mai zagaye digiri 360, kuma wannan ba a yarda wani abu a jirgin ya tare ta fiye da digiri 6 ba. A ƙananan jirage farar fitilar a kan gajeren sanda take, sabuwar rumfa kuma ta zo ta rufe ta. Nemo sanda mafi tsawo, ko ka mayar da fitilar saman baka da wayar da ake iya cirewa. Gwada da dare, ka zagaya jirgin daga nesa.

Sitenles ɗina ya yi jan tabo, sandar alminiyam kuma tana fitar da farin gari. Me ya faru?

Sitenles yana kāre kansa ne da wani siririn lulluɓi da kuromiyam ke yi idan ya sha iska. Inda iska ba ta kaiwa, kamar ƙarƙashin maƙali ko cikin aljihun tamfol da ya jiƙe da gishiri, lulluɓin yakan karye, tsatsa ta fito. Wanke da ruwa mara gishiri bayan tafiya ya fi kowane magani. Tabon da ya riga ya fito, man goge sitenles ko sinadarin ogzalik zai cire shi. Kada soson ƙarfe ya taɓa shi, domin yana barin ɓurɓushin da za su yi tsatsa. Bilic ma yana cutar da shi, don haka idan za ka wanke fumfuna da bilic, zare tamfol ɗin daga baka tukuna.

Farin garin kuwa alminiyam ne da kansa yake narkewa. Idan ƙarafa biyu daban suka haɗu cikin ruwan gishiri sai su zama kamar batir, mai rauni ya riƙa cinyewa. Tsakanin alminiyam da sitenles, ko alminiyam da kabon, alminiyam ne ke shan kashi. Raba su da washar roba, ka shafa man hana ƙarafa cin juna, irin su Tef-Gel ko Duralac, a kowace ƙusa. Wannan garin ne ke ƙame sanduna masu zugewa. Idan taka ta ƙi motsi, jiƙa mahaɗar da ruwan ɗumi, ka murɗa a hankali da hannu. Sufanar bututu za ta lotsa ta ne kawai.

Bakan tana yin ƙara idan inji na aiki. Matsala ce?

Alama ce ta sako-sako. Bi kowane maƙali ka matse ɗan sukurun da ke danne bututu, ka ɗiga masa gam ɗin hana kwancewa. Sa siririyar washar roba a hinji. Idan ramin sakata ya zama kamar ƙwai maimakon zagaye, canza kan bututun da ramin yake jiki.

Zan iya riƙe baka idan jirgi na tangaɗi?

Hannu zai kai mata ko ka so ko ba ka so, musamman na baƙi da yara. Mai bel kaɗai ba za ta riƙe babban mutum ba, kuma idan ta bi shi, ruwa za su nufa tare. Nuna wa duk wanda ya hau inda madafa ta gaskiya take. Idan ana tsawa kuma, kowa ya janye hannu daga bakan, domin ƙarfe da alminiyam da kabon duk suna ɗaukar lantarki.

Yaya mutum ɗaya zai sauke ta da sauri, kuma ina zai ajiye?

Wannan ita ce jarrabawar da nake yi wa kowace rumfa: mutum ɗaya, jirgi na motsi, minti biyu ko uku. Wadda ke bukatar mutum biyu da sukundireba za a bar ta ne a sama ranar da ya kamata ta sauka. Juya hancin jirgi cikin iska, rage gudu. Ga ta baka, saki bel ɗin gaba alhali hannunka ɗaya na riƙe da bakan, tattara su baya, naɗe tamfol, sa masa rigarsa, ja zif. Ga ta sanduna, tamfol ake fara saukewa, daga kusurwar da iska ke fita, a bar ta ɓangaren iska har ƙarshe don kada ya tashi ya bar ka. Sannan a zare sanduna ɗaya bayan ɗaya, a rufe kowane gurbi da murfinsa. Gwada wannan a tasha sau da yawa kafin ka bukace shi.

Kowace sanda ta sami gurbin ajiya nata, a kwance, a ɗaure wuri biyu, nesa da kamfas da kan batir. Liƙa tef mai launi a gindin kowacce da bakin gurbinta, domin ta hagu da ta dama sau da yawa ba sa musanya. Na kabon a sa su cikin jaka mai laushi. Masu zugewa a zuge su duka, a ɗauraye, su bushe kafin a mayar. Tamfol kuma kada a naɗe shi a jiƙe ya kwana fiye da yadda ya zama dole. Idan dole ta sa, washegari a shanya shi.